Solidarite da Ƙabar Kawu

Tun da muka dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a teburin da muke zama, nan bakin tashar Ƙonni. Kafin in ɗaga kofi wani ya jawo banci ya ce, "Isuhu, wai yaya Faransa?" Wanda na ba labari jiya shi ne zai sake tambaya yau, don ya ji ko zan sauya magana ya kama ni da ƙarya. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in riƙa shan shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san mu ba, mu manoman albasa ne. Ƙauyenmu yana gefen gudron, wato titin kwalta, gaba kaɗan da Malbaza. Muna da ƙungiya, kawuna Alhaji Mamman ne shugaba, ni ne sakatare, don ni na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya gardama da Faransanci. Wani ƙaramin gari da ke kusa da Pari ya ƙulla ƙawance da mu, kuma a shekarar 2007, bayan ƙaramar salla, suka gayyaci mutum biyu zuwa wani biki da suke kira makon solidarite. Mu abin da ya dame mu injin ban ruwa ne, don guga ya gama da ƙugun dattawanmu. Kawu ya tambaye ni ma'anar kalmar, na ce masa zumunci.

Ya ce, "To in zumunci na, mi ya sa sai mako guda?"

Na ce ya bari sai mun je.

Ranar tafiya rabin ƙauye ya rako mu tashar Ƙonni. Kada ku ɗauka ƙauna ce zalla. Kowa ya zo da saƙonsa: wannan salula yake so, wancan agogo, wata gwaggona kuma ta ce in dubo mata maganin gwiwa irin na Nasara, wanda ake sha sau ɗaya. Ba wanda ya tambaya ko muna da rigar sanyi. Kawu ya cika jaka da kilishi da yaji da zaɓaɓɓiyar albasa, wai zai nuna wa mutanen can abin da ake kira albasa.

A cikin kar, babbar motar fasinja, muka zauna kusa da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai zuwa Doso. Da ya ji inda za mu, ya gyara zama ya fara yi mana darasi a kan solidarite, tun daga juyin mulkin Faransa. Yana bayani hannunsa yana shiga jakar Kawu. Kafin mu kai Dogon Dutsi ya gama darasin, ya kuma gama ƙunshin kilishi ɗaya. Da ya sauka Kawu ya ce, "Na fara gane kalmar."

A Yamai muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da albasa a kasuwa. Bai tambaye mu kwana nawa za mu yi ba, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure ya ce ga buta can. Neman biza ya ci mana kwanaki cikin rana da layi. Abin da ya fi ɓata wa Kawu rai shi ne takardar asirans, wadda aka ce dole sai mun biya, don ko rashin lafiya ta same mu a can. Ya ce shi bai taɓa jin inda mutum ke biyan ciwon da bai zo ba, wannan kiran ciwo ne da baki. Sai da na rantse masa ba a ba da biza sai da ita, sannan ya yarda, yana ta istigfari.

Jirgi ba ni da abin faɗi a kansa, ban da cewa Kawu bai saki hannun kujera ba har muka sauka. A filin jirgin Pari ɗan sandan iyaka ya juya fasfona ya ce me ya kawo mu. Na ɗaga murya na ce solidarite, ina jiran ya yi murmushi tunda kalmarsu ce. Ya dube ni kamar na ce masa na zo satar akuya. Ya nemi takardar gayyata, ya nemi ta masauki, ya nemi tikitin komawa, wannan na ƙarshen ma sau biyu ya duba shi. Da muka wuce sai ga 'yan duwan, masu binciken kaya, da wani kare. Karen ya nufi jakar Kawu kai tsaye ya zauna. Aka kwashe kilishi da albasa, aka bar mana yaji.

Kawu ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce, "Isuhu, ƙasar da kare ka aikin gwamnati, sai mu yi hankali."

Wanda ya zo tarbarmu Mushe Bernar ne, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, siriri mai farin gemu, shi ne jagoran ƙawancen. Da jirgin ƙasa aka shirya za mu tafi, amma ma'aikatan jirgin suna yajin aiki, ba abin da ke motsi. Saboda haka ya zo da motarsa, muka shiga cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba ko ranar kasuwar Illela. Tafiyar da ya ce ba ta kai awa guda ba ta cinye mana yini. Abin mamaki, mutumin nan murna yake yi. Yana nuna mana tashoshin da aka rufe kamar mai nuna gonarsa.

Ya ce, "Kun zo a daidai. Wannan ita ce solidarite. Suna kare haƙƙin tsufansu, mu kuma muna jurewa tare da su."

Na fassara wa Kawu. Ya ce in tambaye shi, su hana shi hanya kuma ya gode musu? Bernar ya ce ranar da nasa haƙƙin ya taso, su ne za su tsaya masa. Kawu ya ce ya san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu? Bernar ya yi dariya ya ce ba a bukatar suna.

A gidansa aka ba kowa ɗakinsa, da gado mai laushi da bargo biyu. Shirun gidan ne ya hana ni sakewa. Ba kukan jaki, ba daka, ba sallama. Da safe Kawu ya hango maƙwabciya tana share ƙofarta, ya tsaya bakin shinge ya fara gaisuwa yadda ta kamata, yana tambayar kwana da gajiya da iyali. Matar ta ɗaga hannu, ta shige, ta jawo ƙyaure. Muka tambayi Bernar ko mahaifiyarsa tana raye. Ya ce tana nan, a gidan tsofaffi, ana kula da ita sosai, yana zuwa duk Lahadi. Ya ce harajin kowa ne ke taimaka wa irin waɗannan gidaje, wannan ma solidarite ce. Da muka koma ɗaki Kawu ya ce in na kuskura na koyo wannan, ya tsine mini tun yanzu don kada ya manta.

Abinci kuwa, burodi ne safe da rana da maraice. Akwai wani cuku da suke ajiyewa sai ya yi warin da a gida za a ce a duba ko ɓera ya mutu a rumbu, sannan su kawo wa baƙo don girmamawa. Matar Bernar ta dafa mana miyar albasa don ta faranta mana rai. Kawu ya kai cokali ɗaya, ya ce in gaya mata ta yi daɗi, sannan ya ƙara da Hausa, "Wagga albasa ba ta taɓa ganin rana ba."

A zauren magajin gari muka haɗu da Hadiza. Muna tsaye ana ta jawabi sai wata doguwar Baturiya ta matso ta rusuna ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina sanyi? Ina mutanen gida?" Kawu ya kusa yar da kofin da ke hannunsa. Ba'amurkiya ce. Ta yi shekara biyu tana aikin sa kai a wani ƙauye kusa da Badagishiri, a can aka raɗa mata Hadiza, yanzu tana karatu a Faransa. An kira ta ne ta taya ni fassara. Kafin a tashi Kawu ya riga ya mai da ita ɗiyarsa.

A wurin cin abinci na yi kuskuren tambayarta yadda suke fahimtar solidarite a Amurka. Ta ce su ba su cika faɗin kalmar ba, sai in 'yan ƙwadago na rikici ko wani na zanga-zanga ka je ka tsaya kusa da shi. Ta ce a wurinsu taimako daga zuciyar mutum yake fitowa, kai ka gani, kai ka zaɓa, kai ka bayar. Abin da gwamnati ta ƙwace daga albashinka ba za ka kira shi alheri ba. Ta ba da misali da kanta: ta taɓa yin gudu mai nisa, mutanen garinsu suka biya saboda gudun, aka gina rijiya da kuɗin.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, kin yi gudu, ba wanda ya kore ki, kuma aka biya?"

Ta ce haka ne. Ya girgiza kai ya ce a Ƙonni 'yan kabu-kabu na yini suna gudu, ba wanda ya gina rijiya.

Bernar ya ajiye cokali ya ce abin da take faɗi sadaka ce, kuma sadaka tana sa mai karɓa ya sunkuyar da kai. A nan, ana yanke rabon kowa tun kafin albashi ya shiga hannunsa, mai lafiya ya biya wa marar lafiya, matashi ya biya wa tsoho, ba wanda zai ce wa wani na gode. Hadiza ta ce shi ya sa ba wanda ya san wani. Suka kaure da gardama da Faransanci har na daina fassarawa. Mu da aka kira don a nuna mana zumunci muna zaune a tsakiya muna tauna burodi.

Washegarin wannan gardama ne ciwon Kawu ya tashi. Ya daɗe da ƙaba, yana ɗaure ta da tsohon rawani yana shan jiƙe-jiƙe, kuma ya hana kowa faɗi. Bayan azahar, ana shirin ya yi jawabi a kan injin ban ruwa, na ga ya dafe mara ya durƙusa. Ya fara amai, gumi na zuba cikin wannan sanyi. Bernar ya buga waya, kafin in gama kwance masa rawanin ambilans ta iso.

A asibiti likita ya ce hanji ne ya shaƙe, in ba a yi aiki yanzu ba zai ruɓe. A nan dariya ta ƙare mini. Na tuna iyalin Kawu, na tuna ni ne na matsa masa ya zo, na rasa da wane baki zan koma Malbaza in ce na baro shi a ƙasar da ba mu san ko inda maƙabartar Musulmi take ba. Ya kama hannuna ya ce, "In ta Allah ta kasance, kada ka bari su ƙone ni." Na ce ba za a kai ga haka ba.

Na fara laluben aljihu, don a gida na san ƙa'ida: sai an rubuto maka safar hannu da zare da ruwan ƙari, ka ruga kanti ka sayo, sannan a taɓa naka. Wata ma'aikaciyar jinya ta dafa hannuna ta ce in mai da, takardu sai daga baya. Suka tura shi ciki. Bernar ya zauna kusa da ni a barandar nan har aka gama. Bai ce mini sannu ba, bai ce Allah ya sawwaƙe ba, amma bai tashi ba. Da likita ya fito ya ce an yi nasara, na ga dattijon ya cire tabarau yana goge ido. Daga baya shi ya yi ta fama da masu asirans a waya, yana yi musu tsawa kamar 'yan ajinsa, har suka ɗauki nauyin komai.

Jinya a can wani abu ne daban. Ɗaki fes, magani a kan lokaci, amma ba mai zama da kai. Dubiya ma tana da sa'o'inta, kamar buro, wato ofishin gwamnati. Bernar ya zo da furanni, ya tsaya kaɗan, ya duba agogo ya ce za shi maci tare da masu yajin aiki. Kawu ya dubi furannin ya ce, "Ganye ya kawo mini, ko miya ba a yi da shi, ya tahi wurin waɗanda bai sani ba."

Hadiza kuwa kullum tana nan. Ta dafa wani abu da garin alkama ta ce tuwo ne, Kawu ya ci don kada ta ji kunya. Ta aika wa mahaifiyarta labari, cocinsu a Amurka suka yi wa Alhaji Mamman addu'a da sunansa, suka fara tara taimako. Sai dai sun ce suna son hoto, don mutanensu ba sa bayarwa sai sun ga fuska. Ta zo da kyamara, Kawu yana cikin rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya. Ya ce ko za a yanka shi ba za a ɗauka ba sai an ba shi hularsa. Da aka sa masa hula ya gyara zama ya ɗaure fuska irin ta shugaba. Ta ce ya ɗan nuna alamar wahala. Ya ce wahalar ta wuce, da ta zo shekaranjiya.

Wata rana Hadiza da Bernar suka haɗu a bakin gadon. Hadiza tana ba mu labarin yayanta da ya yi haɗarin mota. Ta ce garinsu kaf ya fito, aka soya kifi aka sayar, aka yi waƙe-waƙe, har wanda ba ya ga maciji da shi ya ba da nasa. Na ce kuɗin ya isa? Ta ce a'a, sai da ya sayar da gidansa. Bernar ya ce, "Kin gani." Ta ce, "Amma kowa ya zo." Ya ce zuwan bai hana gidan tafiya ba. Ta ce shi in ya kwanta, wa zai dafa masa ko ruwan zafi? Suna ta yi a kan cikin Kawu da aka ɗinke, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce marar lafiya na bukatar hutu.

Ni ma ina da nawa mutanen. Na buga waya gida na faɗi abin da ya faru, ban san ta ina labari ya bi ba, sai ga wani Nasiru, ɗan wani direba na Ƙonni, wanda ba mu taɓa gani ba. Ya ciko motar kaya da 'yan Adar mazauna Pari. Suka cika ɗakin, wasu a bakin gado, wasu a ƙasa. Aka yi addu'a, aka yi ta tambayar wane yana nan, wance ta haihu. Suna hira suka shanye yawur ɗin Kawu, wato kindirmon Nasara, suka cinye abincinsa na rana. Ma'aikatan suka kore su, suka fita ta wannan ƙofa suka dawo ta waccan. Da za su tafi kowa ya ce yana da ɗan saƙo da za mu kai masa gida, ɗan saƙon da ya zama jakunkuna har sai da muka bar namu kayan. Amma gaskiya, ranar ce kawai na ga Kawu ya yi dariya har yana dafe ɗinki.

Maganar inji kuwa, majalisar garin Bernar ta amince, aka buɗe dosiye, wato fayil ɗin takardu, kuma dosiyen yana nan yana tafiya daga buro zuwa buro cikin ƙoshin lafiya. Bernar ya ce in ya fito, kowace shekara za a riƙa bayarwa. Na cocin su Hadiza ya riga mu isowa gida, inji ɗaya, da sunayen waɗanda suka bayar rubuce a jikinsa da fenti. Da muka nemi na biyu suka ce yanzu hankalinsu ya koma wata ƙasa da aka yi ambaliya.

Mun iso gida aka yanka rago, masu barka da masu jiran tsaraba suka haɗu ba ka iya bambanta su. Sai da jama'a ta ragu aka gaya mana Illa ya rasu muna can. Illa ɗan ƙungiyarmu ne, gonarsa na maƙwabtaka da ta Kawu, bai kai shi shekaru ba. Ciwo iri ɗaya ne ya kama shi. Aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin gudron, aka jira mota, aka kai shi asibiti, sannan 'yan'uwa suka bazu gida-gida neman abin sayen kayan aiki. Kowa ya ba da abin da yake da shi. Kafin su haɗa ya cika. An ce ba a taɓa ganin jana'iza mai jama'a irin tasa ba, har daga Tajaye an zo.

Kawu ya sa na riƙe shi muka je gaisuwa. Ya zauna a tabarma hannunsa a kan ɗinkin cikinsa.

A taron ƙungiya na gaba ya kawo shawara: kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ajiye buhun hatsi a magaza, ɗakin ajiyarmu, duk kaka, dole, ko yana so ko ba ya so, don ranar da ciwo ya kama wani a sayar nan take a kai shi. Dattawa suka ce wannan kiran ciwo ne da baki. Wasu suka ce su ba sa son dole, in abu ya faru ai kowa zai bayar da zuciya ɗaya kamar yadda aka saba. Wani ya ce wa zai riƙe mabuɗi. Aka kafa kwamiti, aka yi fatiha, aka watse.

Kawu ya aika da nasa buhun, ni ma na kai nawa don kada ya tsine mini. Suka zauna su biyu a kusurwar magaza har sanyi ya wuce. Bayan Rabi, matar Illa, ta fita takaba, ina zaune bakin magazar da hantsi sai ga ta da kwarya a ka, cike da hatsi. Ta sauke ta ce in juye a wurin na Alhaji. Na ce mata ba a ɗora wa mata ba, kuma ita ga marayu a gabanta, ta mai da abinta gida.

Ta ce, "Juye, Isuhu. Wani ma zai kwanta."

Na juye, na miƙa mata kwaryarta.